Teburin Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da tsufa zai sa in manta da shekarar da aka ɗauke ni aiki. Ranar ce na kama kujerata da hannu biyu a tsakiyar gidan abincin da ya fi kowanne daraja a Gusau, na juya ta, na zauna da kwanon tuwo a cinya, mahaifiyata tana bayana. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Amma bari in faro daga tushe, don wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka taɓin hankali ne ya same ni.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Tsafe ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta cin abinci yana kallo. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Bilbis, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiranta, na bi sahu, har nawa ƙannen suka gada daga bakina. Ita kuma sunana a wurinta shi ne "wancan". In abin ya yi daɗi ta ce "ɗan Inna". Magana tsakanina da ita sai ta bi ta bakin wani, ko da muna tsakar gida ɗaya. (Sau da yawa ina tsugune gabanta ina gaisuwa za ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi wancan ya ya baro yaran." Ƙanwata ta tambaye ni, in amsa, ta mayar mata da amsar, alhali duk mun ji.)

Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta taras ana yi. Amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa ci mini rai ba. Ina da mata, ina da 'ya'ya, har furfura ta fara leƙowa a gemuna, ban taɓa ganin mahaifiyata ta kai loma baki ba, ban kuma taɓa jin ta faɗa da bakinta cewa ni nata ne ba. Wannan ƙishirwar na daɗe ina yawo da ita, ban gaya wa kowa ba, don namiji babba ba ya faɗin irin wannan.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, muna cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka juye a Gusau. Gidan haya ya yi wuyar da ba a magana. Iyalina na baro su can, ni kuma na raɓe a ɗaki ɗaya a Tudun Wada tare da wasu abokan aiki, katifa na gogar katifa, risho ɗaya, tukunya ɗaya, takalma a ko'ina. Ana cikin haka, a wani ƙarshen damina, Yaya ta fara rashin lafiya: jiri, kasala, in ta miƙe sai ta dafa bango. Balki, autarmu, wadda a lokacin ita ma ta yi aure har da 'ya'ya, ta ɗauko ta daga ƙauye ta kawo ta asibiti a Gusau. Aka ce kada ta ci komai sai an ɗebi jininta. Ga layi, ga jiran sakamako, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ya rubuta magani, ya kuma ja kunnenmu cewa ba a shan sa da yunwa, a samo mata abinci mai kyau yanzu-yanzu kafin ta hau mota.

Ɗakinmu na gwauraye ba wurin kai uwa ba ne. Balki ta ce a sayo waina a tasha, Yaya ta ci a cikin mota in sun kama hanya. Da na bi shawararta da ba ku ji wannan labari ba. Amma sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da in ta zo wa mutum yake jin ya fi kowa hankali.

Akwai wani tsohon gidan abinci a cikin gari, tun zamanin da masaƙa da jirgin ƙasa ke tashe. Wata Hajiya ce mutuniyar Bungudu ke da shi. Ba wurin kowa da kowa ba ne. Manyan 'yan kasuwar auduga, alƙalai, manyan ma'aikata, su ne mutanensa. Tebura da fararen ƙyallaye, fanka na juyawa a hankali, labule masu nauyi, ma'aikata sanye da farin kaftani suna zuba maka ruwan wanke hannu daga buta kamar wani basarake. Abin mamakin shi ne ba abincin Turawa ake sayarwa ba. Abincinmu ne na gida, sai dai Hajiya ba ta dafa abu sai lokacinsa ya yi. Tana da gona a bakin gulbi can Bungudu, abin da gonar ta bayar da safe shi za ka ci da rana. In ka nemi ɗanyar kuɓewa da rani, cikin ladabi za a ce maka ka dawo in ruwa ya sauka. Ni sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma wani ne ya gayyace ni.

Na ce a raina: a ƙauye ne ake kunyar ɗan fari. Nan birni ne, babu maƙwabta, babu dangin miji, babu mai sa ido. Ga yunwa, ga umarnin likita. Yau dai ko ta ƙi ko ta so, ni da Yaya za mu zauna tebur ɗaya, in gan ta tana ci, ita ma ta ga inda ɗanta ya kai. (Wannan na ƙarshen, kada in yi muku ƙarya, shi ya fi yawa a cikin lissafin.)

Muna isa ƙofa Yaya ta tuɓe takalmanta. Na ce wa Balki ta ce mata ta mayar, ba masallaci ba ne. Wani dattijon ma'aikaci ya tarbe mu. Ya dubi Yaya, ya dubi audugar da aka manna mata a gwiwar hannu inda aka ɗebi jini, ya rage murya ya ce, "Malam, akwai ɗakin iyali daga ciki, da darduma da labule. Tsofaffi sun fi sakewa a can."

Na ce, "A'a, nan ma ya yi." Na nuna teburin tsakiya, wanda ke ƙarƙashin babbar fanka, inda duk wanda ya shigo sai ya gan ka.

Yaya ta ɗosana a gefen kujera, ta karkace, ta ba taga fuskarta, ta ja mayafi har goshi. Ma'aikacin ya fara jero abin da ke akwai a ranar, don su ba sa rubutawa: tuwon sabon gero, miyar ɗanyar kuɓewa, taushe na kabewa da yakuwa, kwaɗon rama, farfesun zabo, hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, mai zafi da man shanu, da kindirmo da matan Fulani suka kawo da safe daga wajen Mada. Na gyara babbar rigata na ce, "Kawo duka."

Aka kawo duka kuwa. Tebur ya cika har ana jera kwano a kan kwano. Ƙamshin man shanu da daddawa ya tashi, ni kaina sai da cikina ya yi ƙugi. Balki ta wanke hannu ta yi bisimilla, ita ba ruwanta, auta ce. Yaya ko motsi.

Na ce, "Yaya, ku sa hannu mana."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Balki, ce mai na ƙoshi."

Ƙoshi! Matar da rabonta da abinci tun tuwon daren jiya. Na tura mata farfesun zabo gabanta, na tura kindirmo, na ce likita ne fa ya ce. Ta ce wa Balki, "Ce mai sai mun tahi gida." Gida kuwa tafiya ce ta har la'asar sakaliya, in ma an samu mota da wuri, ga hanyar ƙauyenmu damina ta cinye ta.

Balki ta matso ta yi mini raɗa, haushi ya cika ta. "Kai ma dai da neman magana kake. Ka san ba ta ci kana nan. Tashi ka hita waje, in ta gama in kira ka."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma a lokacin zuciya ta ɗebe ni. Fita waje! Abin da nake yi ke nan tun ina yaro. In an kawo akushi a ce ɗan Inna ya je zaure. In ana hira na shigo a yi shiru. Yau ma, da girmana, a wurin da ni na kawo ta, in fita in tsaya a rana kamar wanda aka kora? Na ce ba inda za ni.

Sai dabara ta biyu ta zo, wadda ta fi ta farko muni. Na ce to in idona ne matsalar, ai ina da ƙeya. Na miƙe, na kama kujerata, na juya ta. Na ɗauki kwanon tuwo da miyar kuɓewa na ɗora a cinya, na zauna na ba su baya. Ga ni a tebur ɗaya da ita, ga shi ba na kallonta. A ganina na warware abin da ya gagari kakanni.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mai zama a teburin tsakiya in ya juya wa teburinsa baya, to sauran jama'a ya fuskanta. Na ɗaga kai sai ga idanu. Wani alƙali ya tsaya da cokali a hannu. Wasu 'yan kasuwa biyu suka daina magana. Ma'aikacin nan ya tsaya riƙe da buta, bakinsa a buɗe. Na daure fuska, na gutsuro tuwo, kamar dama haka manya ke cin abinci a Sakkwato. Kunnena kuwa yana baya, ina jiran in ji ƙarar cokali ko motsin kwano. Ban ji komai ba sai taunar Balki.

A daidai wannan lokaci aka buɗe ƙofa, daraktan ma'aikatarmu ya shigo da baƙi. Dattijo ne mai tsananin gaske, ba ya dariya a ofis, in ya kira sunanka sai ka duba maɓallin rigarka. Ido huɗu muka yi, don ni ne abu na farko da mai shigowa zai gani.

Jikina ya riga hankalina. Na zabura zan gaishe shi, na manta da abin da ke cinyata. Tuwon ya yi tsalle ya faɗi a kan takalmina. Miyar kuɓewa kuwa, kun san halinta, ba ta zuba gaba ɗaya ta huta. Ta bi gaban babbar rigata fara tana sauka a hankali, tana yauƙi, wani zare ya haɗa kwanon da aljihuna ya ƙi tsinkewa. Na tsaya a rusune ina cewa, "Ranka ya daɗe, barka da rana."

Darakta ya ƙare mini kallo. Ya dubi kujerar da aka juya, ya dubi tsohuwar da ke bayanta, ramammiya, da koɗaɗɗen mayafi da audugar asibiti a hannu, ga abinci jibge gabanta ba ta taɓa ba.

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

Na ga fuskarsa ta canja. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Mahaifiyarka. Ka ɗauko ta daga ƙauye ba ta da lafiya, ka zaunar da ita a tsakiyar mutane, ka juya mata ƙeya don kada a ce tare kuke? Bokon ke nan? Kai, ka ji tsoron Allah. Wasu nema suke su ga tasu ko a mafarki."

Me zan ce? In ce kunyata take ji, ba ta iya ci ina kallo? In tona wannan a gaban maza baƙi, tana zaune tana ji? Ai gara a ce mini ɗan banza. Na sunkuyar da kai, miya na ɗiga daga rigata, ina jin zufa tana bin bayana. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan lokaci ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na jawo mata wannan kallo da hannuna.

Sai na ji muryar Yaya daga bayana, siririya.

"Balki, ce ma Alhaji shi yi haƙuri. Ba ƙyamata shika yi ba." Ta ƙara jan mayafinta. Sannan ta ce, "Shi na hwara haihuwa."

Balki ba ta maimaita ba, don babu wanda bai ji ba.

Ni dai ban juya ba. Ba zan iya ba. Abin da na shekara da shekaru ina jira ke nan, ya zo mini ina tsaye da tuwo a kan takalmi. Na san abin da faɗinsa ya ci mata. Mace ce da ko sunan garin da nake ba ta cika son kamawa ba, yau ta faɗa a gaban alƙali da 'yan kasuwa cewa ita ta haife ni, don kawai kada a zage ni a kan abin da ban yi ba. Idona ya cika, na yi ta ƙifta shi kamar yaji ne ya shiga.

Darakta ya ce, "Subhanallahi." Ya tattare rigarsa ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ta, ya yi mata ya jiki, ya nemi gafara. Da ya miƙe ya dube ni, fuskarsa ta yi sanyi, ya ce, "Ni ma na fari ne, na san abin. Amma kai ma, wa ya gaya maka ana kawo su tsakiya?"

Hayaniyar ta fito da Hajiya mai gidan daga madafa. Babbar mace ce, da haƙorin Makka, hannunta duk gari. Kallo ɗaya ta yi mana ta gane komai. Ta kama hannun Yaya ta ce, "Taso 'yar'uwa, mu bar musu kujerunsu, ni ma ba na iya ci a kansu." Ta sa aka kwashe kwanonin aka bi su da su ciki. Ta waiwayo ta ce mini, "Kai kuma ɗana, ga famfo can baya, je ka wanke rigarka."

Haka na ƙare a inda na rantse ba za ni ba, wato waje. Na zauna a kan wani benci a gindin darbejiya, daga ni sai 'yar ciki, babbar rigata a shanye a kan igiyar da suke shanya ƙyallayen tebur. Tagar ɗakin iyali tana kusa. Na ji ƙarar kwano. Na ji Hajiya tana ba da labarin yadda ambaliya ta ci mata kabewa. Can sai na ji dariya, wata 'yar gajeriyar dariya mai tari a ƙarshe, wadda ban san ta ba. Sai da na daɗe kafin na gane ta Yaya ce. (Balki ta gaya mini daga baya cewa ta cinye malmalarta tas, ta sha kindirmo, ta sha magani, har ta ce wa Hajiya taushen ya yi daɗi amma yakuwar ta ɗan yi yawa.)

Na raka su tasha da rigata mai danshi. Yaya ta shiga motar Tsafe ta zauna can baya, ba ta dube ni ba, kamar kullum. Ana jiran mota ta cika sai Balki ta miƙo mini wani ƙulli ta taga, baƙar leda, da ɗuminsa. Ta ce, "Ta ce a ba wancan. Tun sahe bai sa komi bakinai ba."

Na kwance. Cinyar zabo ce da hoce guda. Daga cikin nata ta ware.

Na kasa tsayawa a gabansu. Na koma gefe kusa da masu sayar da rake, na juya wa motar baya don kada a ga fuskata, na tsaya nan a tsaye, ni ma'aikacin gwamnati, ina cin nama a tasha ina share ido da hannun riga. Na cinye har na tauna ƙashin.

Sai da na je gida da Sallah Balki take ce mini, "Ka san ranar nan a tasha, tun da ka juya Yaya ba ta ɗauke ido daga kanka ba har ka gama? Sai da ka yar da ƙashin ta ce alhamdu lillahi." Ta yi dariya ta ce, "Ai haka take yi kullum. In ka yi sallama ka juya za ka tahi, sai ta bi ka da kallo har ka sha kwana. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Tun daga nan, in na je gaishe ta, ba na ƙara neman ta dube ni. In an kawo mini abinci sai in ɗauka in zauna a bakin ƙofar ɗakinta, in fuskanci tsakar gida, in yi ta ci a hankali, ina jan lokaci, don ta samu ta kalle ni son ranta. Ba mu samu yin haka da yawa ba. Kafin wata daminar ta kai ƙarshe Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

A ofis kuwa har na yi ritaya ana ce mini "Mai Kujera", kuma ban taɓa yin fushi ba, don na ci sunan. Abin da na koya bai da yawa. In za ka girmama tsohuwa, ka bar ta ta zaɓi inda za ta zauna, ba inda kai kake so a gan ka ba. In ma'aikacin gidan abinci ya ce akwai ɗaki daga ciki, ka bi shi. Kada kuma ka kuskura ka miƙe gaida oga da miyar kuɓewa a cinya. Har yau in aka kawo mini abinci, ko ni kaɗai ne a gida, sai in tsinci kaina na juya wa ƙofar ɗaki baya ina ci a hankali, alhali na san babu mai kallona.